Wai a Gadarif da ke Sudan babu waje ɗaya da baƙo zai je a gama masa komai?

Ɗan Maiwurno:
Salamu alaikum jama'a. Yayata ce ta taso daga Sinja da yaranta tun da yaƙi ya shiga garin a 2024, yanzu suna Gadarif. Abin da ke damuna shi ne yawo, yau a ce je ki wancan ofis, gobe a ce sai kin kawo takarda daga unguwa, kuɗin raksha (a-daidaita-sahu) kaɗai ya isa a yi cefane. Babu wajen da za a rubuta sunan mutum, a ba shi katin abinci, a nuna masa asibiti da makarantar yara duk a zama ɗaya?

Malam na Kasala:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka fara rabe abu biyu. Yayarka naziha ce, yani 'yar ƙasa da ta bar gidanta amma ba ta tsallake iyaka ba, su lamarinsu yana wajen HAC, hukumar agaji ta gwamnati, da ƙungiyoyi irin su WFP, hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da Hilal Ahmar (Red Crescent). Laji'i kuwa wanda ya shigo daga wata ƙasa ne, kamar mutanen Tigray ta Habasha da suka kwararo ƙarshen 2020 aka sauke su a sansanonin Um Rakuba da Tunaidba, ko 'yan Eritiriya da ke sansanin Shagarab, waɗannan COR da UNHCR, hukumomin 'yan gudun hijira na gwamnati da na Majalisar Ɗinkin Duniya, ke musu rajista. A mu'askar, wato sansani, kam komai na waje guda, rajista da asibiti da rabon dawa, amma wanda ya sauka gidan dangi a cikin gari sai dai ya bi su ɗaya ɗaya.

Uwar Marayu:
Ƙanena kar ka raina lajnar unguwa, wato kwamitin unguwa, da limamin masallaci, su ake tambaya idan za a ɗauki sunaye. Ta kuma nemi takiyya mafi kusa, wato wajen dafa abincin sadaka, tukunyar adas (wani ƙaramin wake) ko balila (dafaffen hatsi ko wake) ce ake ɗorawa kullum, kowa ya zo da kwanonsa, ba a tambayar kati. Yaran nan 'yan sa-kai da ake kira masu ɗakunan gaggawa ke dafawa, da kuɗin da 'yan waje ke turowa ta Bankak, manhajar banki ta waya, suke yi, Allah ya saka musu. Ta leƙa Diwanin Zakka ma.

Bakatsinen Madani:
Ni fa wannan waje ɗaya tsoronsa nake ji. To a ce an buɗe, abu na farko da za su ce shi ne ina raƙam watani, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, alhali mutanenmu nawa ne kakanninsu suka zo kan hanyar Hajji suka zauna, an haifi uba an haifi ɗa a nan amma takarda babu, wasu kuma sun baro tasu a Khartum ko Madani lokacin gudu. Yanzu in nan ya ƙi ka gwada can, in ya zama teburi ɗaya kuma mai teburin ya girgiza kai shi ke nan. In za a yi to a sa masu fitar da takardun a ciki, da mai jin Hausa saboda tsofaffinmu.

Uwar Marayu:
Wannan gaskiya ne Alhaji. Ɗan Maiwurno, in tana da raƙam ɗinta ta yi hotonsa kwafi da yawa, ta ajiye a waya ma, kuma ta fita da sassafe don layin mata ya fi tsawo.