Tasha, magudana ko kafa? Mu tsayar da sunan "ion channel"

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu rubuta kimiyya da Hausa. Ina so mu tsayar da magana kan abin da Bature ke kira ion channel, wato 'yar hanyar da ayon (ƙwayar zarra mai cajin lantarki) ke bi ya ratsa tantanin ƙwayar halitta, domin "tashar ayon" da nake gani a wasu rubuce-rubuce ba ta dace ba. Tasha wurin tsayawa ce. Wannan abin kuwa wurin wucewa ne.

Kalma sai an gwada ta a bakin aiki, don haka mu ɗauki ƙwayar kitse mai ruwan ƙasa. Farin kitse ajiya yake yi, shi kuwa wannan ƙona abinci yake yi ya fitar da zafi. Jarirai suna da shi sosai a tsakanin kafaɗu, kuma a 2009 hoton PET (wani nau'in hoton cikin jiki na asibiti) ya tabbatar manya ma suna da shi a gindin wuya.

Tantanin da ya lulluɓe ƙwayar yana riƙe da ɗan bambancin lantarki, ciki ya fi waje cajin nagatif. Idan sanyi ya bugi jiki, jijiyoyi sukan saki sinadarin saƙo mai suna noradirenalin a kan ƙwayar, sai bambancin ya sauya hawa uku. Da farko ayon kalsiyam ya yawaita a ciki, ya buɗe hanyar ayon kuloraid, kuloraid ya fita, bambancin ya ragu nan take. Sai hanyar ayon fotasiyam ta buɗe, ita ma kalsiyam ɗin ne ya taɓa ta, fotasiyam ya fita, bambancin ya dawo. Daga nan sai raguwa ta biyu mai tafiya a hankali, a lokacin da ƙwayar ta ƙara zuƙar oksijin tana samar da zafi. Waɗannan "hanyoyi" da nake ta ambata, su muke nema wa suna.

An kawo "mashiga". Amma ku duba, kuloraid fita ya yi, fotasiyam ma fita ya yi. Ta faɗi ke nan.

"Magudana" ta fi ƙarfi, kuma na fahimci masu son ta. Ayon yana gangarawa ne da kansa, bisa bambancin yawa da na caji, ƙwayar ba ta kashe ƙarfinta wajen tura shi. Wannan ne ya raba shi da famfon sodiyam da fotasiyam, wanda sai ya ci ATP, wato makamashin ƙwayar, yake aiki. Matsalar ita ce magudana ba ta zaɓe, duk abin da ya zo wucewa yake yi. Hanyar fotasiyam kuwa tana barin fotasiyam ya wuce ta hana sodiyam, alhali sodiyam ya fi shi ƙanƙanta. Roderick MacKinnon ya nuna sirrin wannan tacewa a 1998, ya kuma sami kyautar Nobel a 2003. Sunan da ya ɓoye wannan hali ya tauye wa ɗalibi rabin darasi.

Ni dai "kafa" na zaɓa: kafar ayon, jam'i kafofin ayon. Kafa ƙarama ce, matsattsiya, ana iya toshe ta, kuma ba ta ce shiga ko fita ba. Sai mu ce kafar fotasiyam, kafar kuloraid.

Wani malami ya ce "ƙofa" ta fi, tunda abin buɗewa yake yi yana rufewa. Malam, hujjarka tana da nauyi, domin buɗewa da rufewar kafa ɗaya tak Erwin Neher da Bert Sakmann suka auna har aka ba su Nobel a 1991. Sai dai ramin daban, abin da ke rufe shi daban, kuma dole kowanne ya sami sunansa. Mu bar ramin a kafa, marufin mu kira shi ƙyaure. Ga yadda jimla za ta zo: "Kalsiyam ne ke buɗe ƙyauren kafar kuloraid."

Roƙo ɗaya: a kula da ƙugiya wajen rubutu, kada kafa ta rikice da ƙafa.

Abin da ya rage shi ne UCP1, furotin ɗin da ke cikin mitokondiriya (sashen ƙwayar da ke ƙona abinci), wanda ke barin furoton, wato ayon haidirojin, ya kwarara har zafi ya fito. Shi ba buɗaɗɗen rami ba ne, dangin masu ɗaukar kaya su ƙetarar ne, kuma sai da taimakon asid ɗin mai yake aiki. Kafa ba za ta yi masa ba. Ina ganin "maƙetari". Me kuka gani?