Zauren Kaka ya rufta

Babban Yaya:
Jiya na dawo daga ƙauye. Daminar bana ta ƙarasa zauren Kaka. Na kasa faɗa da baki, shi ya sa na rubuta. Wanda ya tuna wani abu ya ɗora, amsa-amon "wa" ne.

Na isa ƙofar gida da hantsi,
Na yi sallama, ba amsa, ba motsi,
Azara ta karye, gara ta gama ci,
Inda buzunsa yake, yau sai ciyawa.

Rumbunan nan biyu na bayan ɗaki,
Ɗaya ya tsage, ɗaya ya zama na awaki,
Turken da muke ɗaure jaki
Shi kaɗai ne ya ƙi faɗuwa.

Auta:
Yaya, ka sa ni hawaye a wurin aiki. Allah ya jiƙan angona.

"Amaryata" shi ne sunana,
Sadakina goruba, ya danƙa a hannuna,
In na ce tsoho ba ya cikin tsarina,
Ya yi ta dariya har tari ya hana shi tsayawa.

Ran Lahadi mu yi cirko-cirko a hanya,
Jaki ya ɓullo, mangala ta sha kaya,
Aljihu cike da alewa, ƙuli da kanya,
Tsarabar kasuwar Mai'aduwa.

Ɗan Kawu, daga Matamaye:
Ku 'yan birni alewa kuka tuna. Ni da ke tsallaken iyaka a Nijar, hatsi na tuna.

A 1984 aka rufe iyaka,
Fari ya ƙone gero tun kafin kaka,
Ni da Baba muka zo da dare, ba ko jaka,
Tsoho ya hau rumbu da kansa ya zaro maiwa.

Dami shida ya ɗora wa jakinsa,
Ya bi da mu ta daji, ba fitila a hannunsa,
Bai taɓa ta da zancen ba har ƙarshensa,
Sai yau nake faɗa a gaban kowa.

Babban Yaya:
Wallahi ban taɓa jin wannan ba. Ashe dalilin da muka sha kunun kanwa tsararo a shekarar ke nan, muna ta ƙunƙuni.

Ni na san shi da rediyo a kunne,
BBC da sassafe, yana bakin zaure zaune,
Batir ya mutu ya shanya a rana, wai barci ne,
Da la'asar ya mayar, sai ga murya tana dawowa.

Gwaggo:
Ku yi ta waƙa. Ni da na share zauren nan tun ina budurwa, ga tawa. Jikata ce ke rubuta mini, kada wanda ya gyara.

Duk bazara sai ya kira magina,
A kwaɓa ƙasa, makuba ta jiƙa ta kwana,
A yaɓe soro kafin hadari ya nuna,
Makubar ma daga gonarsa, ta ɗorawa.

Tun da ya rasu wa ya kai ƙasa ko kwando?
Ku zo da sallah cikin shadda, riga da wando,
Indararo ya toshe, ruwa ya yi gando,
Yau kuma katanga kuke wa kukan mutuwa.

Ɗan Kawu, daga Matamaye:
To, Gwaggo ta fasa ƙwai. Ni na yi shiru.

Auta:
Gwaggo, mun ji, ba mu da ta cewa,
Kunya ta sa ko ido ba ma ɗagawa,
Abu ɗaya nake son tambayowa:
Gawon bayan gida, yana nan da inuwa?

Gwaggo:
Yana nan. Ya kakkaɓe ganyensa da damina kamar yadda ya saba, yanzu ya fara toho. Ku zo bayan girbi, ku taho da kuɗin azara. Fura a kaina.