Abin da aka tattauna kan na'a-na'a da ɗoɗɗoyar da ganyensu ke ƙonewa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga abin da na tattaro daga bayananku kan tambayar da aka yi: me ke sa ganyen na'a-na'a da ɗoɗɗoyar da aka shuka a tukunya ƙonewa?

1. Kusan kowa ya yarda yawan ruwa ya fi ƙishi kashe shukar tukunya. Saiwa na buƙatar iska. In ƙasa ta daɗe jagab, saiwar ta ruɓe ta kasa shan ruwa, ganye ya yi yaushi, mai shuka ya zaci ƙishi ne ya ƙara zubawa. Ni a ganina nan ne babbar matsalar.

2. Ganyen ƙasa-ƙasa ya yi ɗorawa da laushi, ƙasar tana wari: ruwa ya yi yawa. Bakin ganye ya bushe ƙamas yana marmashewa: ƙishi ne, ko iskar hunturu.

3. Kafin a ba ruwa, a tsoma yatsa cikin ƙasar zuwa gaɓa ta biyu. In akwai danshi, a dakata.

4. In a bokitin fenti ko roba za a yi shukar, a huda gindinsa da ƙusa mai zafi don ruwa ya riƙa fita.

An saɓa kan sau nawa za a ba ruwa. Wasu a Birnin Kebbi sun ce a zafin Afrilu dole safe da yamma, musamman tukunyar ƙasa mai saurin bushewa. Wasu a Gusau sun ce safiya ta isa in shukar na inuwar zaure. An kuma yi musu kan takin kaji, amma masu sa shi ma sun ce ɗanye yana ƙona ganye.

Wadda ta riga ta ruɓe, a tuge ta, a yanke baƙar saiwar, a sauya ƙasa mai yashi. Na'a-na'a kuwa, reshe lafiyayye a kofin ruwa yakan fitar da sabuwar saiwa.