Ƙaramin gidan leda na rainon iri: in saya ko in sa a haɗa min?

Maman Khalifa:
Assalamu alaikum. Ina so in fara rainon irin tumatir, tattasai da latas a tsakar gida nan Kano, in sun isa dashe in mayar da su buhuna. Na ga ana tallar wani ɗan gidan leda mai hawa huɗu da zif, kamar kantar jera kaya. Shi zan saya ko akwai dabarar da ta fi? Kuɗin hannuna ba yawa.

Mai Lambu:
Wa alaikumus salam Hajiya. Mai zif ɗin nan don ƙasashen sanyi aka yi shi, aikinsa tara zafi. Irin tumatir ya fi tsirowa tsakanin digiri 20 da 30, in aka haura 35 tsiron sai ya ja baya. Latas ya fi shi raki, zafi na wuce 30 zai kwanta ya ƙi fitowa. Leda a rufe cikin ranar Kano kuwa, kafin azahar ciki ya zama tanderu. Hawan ƙasa kuma ba ya samun haske, dashen ya miƙe siriri ya faɗi.

Gara ki sa a haɗa miki. A auna fili mai faɗin mita 1, tsawon mita 2. A kafa guntayen rodi uku kowane gefe, a lanƙwasa fayif ɗin PVC na rabin inci guda uku, kowanne mita 2, a zura bakinsu a rodin su tsaya kamar baka. A lulluɓe da ragar hana ƙwari mai lamba 50 (wato mai ƙananan ramuka 50 a tsawon inci ɗaya), a danne gefenta da bulo. Farin ƙuda ne babban abokin gaba, shi ke kawo cutar da ke nannaɗe ganyen tumatir, kuma tun a wurin raino yake kamawa. Gidan sauro ba ya tare shi, ramukansa sun yi faɗi, mai magani kuma kada ma ki kusanto da shi. Daga Maris zuwa Mayu ki ɗora ragar inuwa ta kashi 50, wato mai tare rabin hasken rana, a sama.

Baba Na Fadama:
Malam ya yi gaskiya, sai dai kada a yar da ledar gaba ɗaya. Daren Disamba da Janairu sanyi na sa tattasai da attarugu su yi nawar fitowa. Ki rufa leda da magariba, ki yaye da hantsi. Da damina ma a sama kawai za ta zauna don tare dukan ruwa, gefe a buɗe. Ki nemi mai kaurin maikiron 200 wadda aka yi don jure rana, ledar kasuwa rani ɗaya take tsattsagewa.

Uwar Gida Manomiya:
'Yar'uwa, abin da ya fi kashe dashe ruwa ne. Ki sayi farantin raino mai rami 128, ki ɗora a kan bulo kada ya taɓa ƙasa. Haɗin: kwano biyu na ƙasa mai laushi, ɗaya na takin da ya ruɓe sarai, ɗaya na ɓuntun shinkafa da aka babbaka, ki tankaɗe. Ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake yi. Ƙwaya ɗaya a rami, zurfi kada ya wuce santimita 1. Latas kuwa yayyafi kaɗan na ƙasa ya ishe shi.

Ban ruwa da safe, da abin yayyafi mai ƙananan huda. In kika ga gindin tsiro ya yi baƙi ya tsuke kamar zare ya kife, laima ce ta yi yawa babu iska. Cire waɗanda suka kamu da ƙasarsu, ki rage ruwa.

Tumatir na isa dashe a sati uku zuwa huɗu, tattasai biyar zuwa shida. Saura sati guda a yi dashe ki riƙa janye ragar inuwa da safe kina rage ruwa don su saba da rana, sannan ki dasa da la'asar.

Mai Lambu:
In kuma mai zif ɗin ya riga ya shiga ranki, cire ledarsa ki sa tela ya ɗinka miki riga ta raga daidai ƙarfen. Hawa biyu na sama kawai za ki yi aiki da su, ki ɗaure shi a bango da igiya, don iskar farkon damina ɗauke shi za ta yi da farantan gaba ɗaya.