Rajistar Islamiyya: in zauna a Excel ko in biya a haɗa mini Access?

Sakataren Islamiyya:
Assalamu alaikum. Ni ke riƙe da rajistar wata Islamiyya a Rigasa, ɗalibai sun haura 400. Shekara uku ke nan ina rubuta kuɗin makaranta a Excel, kowane zango da fayil ɗinsa. Sunaye ne suka sa ni gaba. A'isha kaɗai muna da 14, uku daga ciki sunan mahaifinsu ɗaya. Makon jiya wata uwa ta zo da rasit a hannu, kwamfuta na cewa ba ta biya ba, ashe a kan wata A'ishar na rubuta. Kamar ƙasa ta tsage in shige. Wani yaro ya ce zai haɗa mana rajistar a Access, manhajar Microsoft ta adana bayanai, kan naira 60,000. Laftof ɗin tsohuwa ce, RAM 4, Windows 10, kuma kwamiti ya ce bana babu kuɗin sabuwa. In biya shi ko in zauna inda nake?

Ɗan Kawo:
Wa'alaikumus salam. Malam, sayi sabuwar kwamfuta kawai ka huta. Windows 10 ma Microsoft ta daina kula da shi tun 14 ga Oktoba 2025.

Sakataren Islamiyya:
Ɗan'uwa, ai na ce babu kuɗin.

Injiniyan Gobe:
Access tsohon yayi ne. A yi shi da MySQL, wata manhajar rumbun bayanai, a ɗora a intanet, iyaye su riƙa dubawa daga gida.

Maman Biyu:
Malam, don Allah kada ka biya kowa sai ka ji nawa. Ina sayar da atamfa da leshi bashi, mata na biya wata-wata. A 2022 wani yaro ya haɗa mini irin wannan, ya ɗaure shi da kalmar sirri, ya tafi bautar ƙasa, lambarsa ta daina shiga. Ko sunan kaya ɗaya ba na iya ƙarawa. Na haƙura ina lallaɓawa a haka. Da kwamfutar ta fara nauyi na kai wa wani mai gyara wajen Kasuwar Gumi, na ce masa a duba kawai. Na dawo bayan La'asar yana murmushi, wai ya yi mata fomatin, yanzu gudu take kamar sabuwa. Na ce ina lissafina? Ya ce ai ban gaya masa akwai abu a ciki ba. Bashin shekara biyu! Masu tsoron Allah sun kawo da kansu. Wasu kuwa har yau in mun haɗu a gidan biki su ke fara gaishe ni, sun san ba ni da takarda. Littafin da na raina na jefa ƙarƙashin gado, shi ya ceto mini rabi.

Baban Yara:
Innalillahi. Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Amma 60,000 ai araha ce, mu 150,000 muka biya a Malali.

Ɗan Kawo:
An yanke ku dai. Ƙanen matata 20,000 yake yi.

Maman Biyu:
Nawa 35,000 ne, ga inda ya kai ni.

Malamar Lissafi:
Malam Sakatare, ba girma ne matsalarka ba. Shafi ɗaya na Excel na ɗaukar layi 1,048,576, ɗalibai 400 ko ɗumi ba zai ji ba. Da suna kake neman yaro, shi ne ciwon. Ba kowane ɗalibi lamba tasa da ba za ta canza ba har ya yi sauka, a rubuta ta a kan rasit. Sai ka yi shafi biyu a fayil ɗaya: na farko lamba, suna, aji, wayar mahaifi, na biyu duk biyan da aka yi, lamba, kwanan wata, adadi. Ka daina buɗe sabon fayil kowane zango. Abin da yaron zai yi maka a Access ke nan, sai dai Access in ka maimaita lambar ɗalibi zai ƙi karɓa, Excel kuwa sai ka saita shi ko ka sa ido. Ka sani kuma Access a Windows kaɗai yake aiki, ba ya buɗuwa a waya. Wani abu: Excel na cinye sifirin farkon lambar waya, 080 ya koma 80. Sa alamar ' kafin lambar, zai bar ta.

Injiniyan Gobe:
Anti, da girmamawa, Excel ba rumbun bayanai ba ne. Duk wanda ya karanci fannin ya san haka.

Malamar Lissafi:
Ƙanena, rajistar makaranta nawa ka taɓa riƙewa? Ni shekara 11 ina yi. Wa zai biya kuɗin ɗora shi a intanet duk shekara, kwamitin da ya kasa sayen laftof?

Injiniyan Gobe:
Daɗewa a kan kuskure ba ƙwarewa ba ce.

Baban Yara:
Kai yaro, sassauta harshe, ta girme ka.

Sarkin Zolaya:
Mafita mai sauƙi: a tara A'ishoshin nan a sake musu suna. Ragon kawai ku kira ni.

Maman Biyu:
Ku dai kuna ta musu. Ko da me aka yi, in babu kwafi a wani wuri, aikin banza ne. Ni yanzu kowace Juma'a sai na kwafa a filas, na kuma tura Google Drive, suna ba da 15GB kyauta. Kuma duk wanda zai haɗa maka abu, ya rubuta maka kalmar sirrin a takarda kafin ka ba shi ko sisi.

Ɗan Kawo:
Da wace datar? Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, tawa ba ta kai sati biyu.

Malamar Lissafi:
Fayil ɗin rajista bai kai nauyin hoto ɗaya na biki ba, kada ka ɗora wa Excel laifin TikTok.

Baban Yara:
Data ai da sauƙi, wuta ce magana. An ce 'yan Band A awa 20 za su riƙa samu da aka ƙara musu kuɗi a Afrilun 2024. Mu kwana huɗu ke nan ko ƙyaftawa, batirin laftof ɗina kuma ya mutu, ana ɗaukewa take mutuwa da abin da nake rubutawa.

Ɗan Kawo:
Mu taransifoma ce ta ƙone, an bi gida-gida an karɓi 5,000, wata na biyu shiru.

Sakataren Islamiyya:
Na gode duka. Malama, lambar nan daga 001 zan fara, ko in haɗa da shekarar shiga? Yaron kuma gobe zai zo karɓar kafin alƙalami, me zan ce masa?

Sarkin Zolaya:
Ce masa babu wuta.

Baban Yara:
Ɗan Kawo, 5,000 kowane gida ko kowane mita? Mu 8,000 aka ce.