Neman shawara: in yi magana ko in kama bakina idan an fara zancen baƙi a wurin aiki?

Maman Amira:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ina neman shawara, musamman daga waɗanda suka daɗe a ƙasar nan. Ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi a arewacin Ingila, kuma kamfanin ne ya ɗauki nauyin bizata. Aikin ba laifi, tsofaffin ma mun saba, har akwai wata dattijuwa da ba ta yarda kowa ya taje mata kai sai ni. Damuwata ɗakin hutu ne. Da an zauna shan shayi an kunna labarai, sai hira ta koma kan baƙi: masu tsallako teku a ƙananan jiragen ruwa, otal-otal ɗin da ake ajiye su, layin asibiti, tsadar gidan haya. Akwai wata abokiyar aikina da takan ce an cika musu ƙasa, kowa ya zo cin banza, sai ta juyo ta dafa kafaɗata ta ce ba da ni take ba, ni ai mai aiki ce. Ita ɗin ce kuma lokacin tarzomar ƙin baƙi ta Agustan 2024 ta riƙa kai ni har ƙofar gida a motarta don kada in hau bas da hijabi. Na rasa inda zan ajiye matar nan a zuciyata.

Abin da ya sa na kasa ci gaba da haɗiyewa, 'yata mai shekara tara ta dawo daga makaranta tana tambayata wai gaskiya ne in Farage, ɗan siyasar nan mai adawa da shigowar baƙi, ya ci zaɓe za a kore mu. Wani yaro ne ya faɗa mata a filin wasa. Maigidana ya ce mu ba 'yan ƙasa ba ne, siyasarsu ba ruwanmu, mu yi abin da ya kawo mu. Ni kuma shirun yana cin raina. In mayar da martani a wurin aiki? In je makarantar? Kuma da gaske ne mai biza yana iya yin zaɓe?

Alhaji Abban Sadiq:
Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, ni ina bayan maigidanki. Baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Bizarki a hannun kamfani take. In aka sallame ki, ko kika bar aikin da fushi, kamfanin zai sanar da ma'aikatar cikin gida, kuma galibi kwana 60 ake ba mutum ya samo wani mai ɗaukar nauyinsa ko ya tattara. Da yara a makaranta, kwana 60 ba komai ba ne. Ba wanda zai rubuta cewa an kore ki saboda kin yi musu a kan siyasa. Za a fara rage miki ranakun aiki ne, a ce ba kya jituwa da abokan aiki. Ki daure har ki sami takardar zama ta dindindin, sannan ki faɗi abin da ke ranki.

Anti Hajara:
Alhaji, da girmanka, amma takardar dindindin ɗin da kake cewa ta jira ita kanta siyasa ce ke juya ta. A Mayun 2025 gwamnatin jam'iyyar Labour ta Starmer ta fitar da shirin mayar da jiran daga shekara 5 zuwa 10 ga mutane da yawa, ta kuma sanar da rufe ɗauko masu kula da tsofaffi daga waje. Kafin nan, a Maris ɗin 2024, gwamnatin masu ra'ayin riƙau ta hana sababbin masu irin aikin Maman Amira zuwa da iyalansu. Jam'iyyu biyu daban, duk a kanmu hukuncin ya sauka. Ta yaya za a ce ba ruwanmu?

Ƙanwata, ni wakiliyar ƙungiyar ƙwadago ce a asibitin da nake aiki, bari in raba miki abin gida biyu. Mutum ya ce a rage yawan masu shigowa ƙasa, wannan ra'ayinsa ne, yana da 'yancin faɗa ko da ya yi miki ɗaci. Amma in magana ta koma kan launin fatarki, ƙasarki ko addininki, ana maimaitawa har wurin aiki ya zame miki wurin ƙunci da wulaƙanci, Dokar Daidaito ta 2010 ta kira wannan cin zarafi, kuma dokar ba ta tambayar wace irin biza ce a fasfonki. Ba sai an ambaci sunanki ba ma. Ki sami ƙaramin littafi, duk ranar da aka faɗi wani abu ki rubuta kwanan wata, abin da aka ce daidai yadda aka faɗa, da waɗanda ke wurin. A gida za ki ajiye shi, ba a akwatin wurin aiki ba. Ki shiga ƙungiyar ƙwadago yanzu tun babu rigima, UNISON na ɗaukar masu aikin kula da tsofaffi, domin yawanci ba sa tsaya wa mutum a kan matsalar da ta riga shigarsa. In abu ya kai ga ƙara, wa'adinsa gajere ne ƙwarai, kuma sai an bi ta hukumar sasanci ta ACAS tukuna, don haka ba a jinkiri.

Batun zaɓe kuwa gaskiya ne. Ɗan ƙasar da ke cikin ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, kamar Najeriya, Ghana ko Kamaru, in yana da izinin zama, yana da ƙuri'a har a zaɓen majalisar dokoki. A shafin gwamnati ake rajista, minti biyar ya isa in lambar inshorarki ta ƙasa tana kusa. Ranar zaɓe ana neman shaida mai hoto, fasfon Najeriya yana yi.

Malam Issoufou:
Anti Hajara ta yi bayani. Ƙarin da zan yi saboda mu 'yan Nijar ne, kada wani ya ruɗe: mu ba ma cikin waccan ƙungiya, ba mu da ƙuri'a a zaɓen majalisar Landan. Amma ni a Glasgow nake, kuma tun 2020 dokar Sukotland ta ba duk baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida damar zaɓen majalisar yankin da na ƙananan hukumomi. A Wales ma haka ne. Yana ba ni mamaki in ga ɗan Najeriya da cikakkiyar ƙuri'a a hannu bai ko yi rajista ba.

Baban Gida:
'Yata, sannu da haƙuri. Na zo ƙasar nan karatu a farkon shekarun 1980, ga shi har jikoki. Lokacin da na zo, maganar da ɗan majalisa Enoch Powell ya yi a 1968 a kan baƙi tana bakin mutane, a bango kuma kana ganin rubutun 'yan National Front, jam'iyyar masu ƙin baƙi. Na ga lokacin da aka kashe Stephen Lawrence, wani matashi baƙar fata, a 1993 yana jiran bas a kudu maso gabashin Landan, na ga yadda iyayensa suka ƙi yin shiru har aka kafa kwamitin bincike, rahoton Macpherson ya fito a 1999 ya ce wariyar launin fata ta yi jijiya a tsarin 'yan sandan Landan. Sai a 2012 aka ɗaure biyu daga cikin waɗanda suka kashe shi. Kusan shekara goma sha tara uwa tana bin haƙƙin ɗanta.

Na kuma ga na mutanen Windrush a 2018. Mutane ne da suka zo daga yankin Karibiyan, wasu tun suna yara, suka yi aiki, suka biya haraji, ba su taɓa ɗaga murya ba. Rana ɗaya aka ce su kawo takardun da ba a taɓa ba su ba. Wasu suka rasa aiki, wasu aka hana su magani, wasu aka fitar da su ƙasar. Shirunsu bai kare su ba. Abin da ya juya lamarin 'yan jarida ne da 'yan majalisa irin su David Lammy, har sakatariyar cikin gida Amber Rudd ta ajiye muƙami. Saboda haka ni ba zan ce miki ki kama bakinki ba.

Amma matar nan da kika ambata, kada ki yi saurin sa ta a layin maƙiya. Wadda ta ɗauke ki a mota ranar tsoro ta nuna miki wani abu da ba a saya. Irinsu na zauna da su da yawa: garinsu masana'antu sun rufe, ɗanta ya kasa kama gida, ta kira likita an ce sai bayan mako uku, sai talabijin ya nuna mata jirgin ruwa ya ce ga dalili. Kada ki tanka mata a gaban mutane, za ta kare kanta ne kawai. Ki bari sai kuna ku biyu, ki ce mata: kin san in kika ce ba da ni kike ba, 'yata ba ta da wannan kariyar a filin wasa? Ki ba ta labarin abin da yaron ya faɗa. Uwa ce, za ta ji.

Injiniya Bello:
Ni zan faɗi abin da wasu ba za su so ba. Mu daina ɗaukar duk wanda ya yi ƙorafi a kan shige da fice a matsayin mai wariya. A 2023, in an cire waɗanda suka fita, ƙarin mutanen da suka shigo ƙasar nan a shekara guda ya haura dubu 900. Kowace ƙasa ce za a yi magana. Jam'iyyar Reform ta Farage ta sami ƙuri'a sama da miliyan 4 a zaɓen Yulin 2024, ba zai yiwu a ce dukansu miyagu ba ne. Mu da muka bi layi muka biya kuɗin biza, me ya sa za mu ɗauki laifin waɗanda suka shigo ta bayan gida?

Anti Hajara:
Injiniya, rabin maganarka na karɓa. Amma duba lissafin da kanka: waɗanda suka tsallako a ƙananan jirage a 2024 wajen dubu 37 ne. Mafi yawan waccan dubu ɗari taran ɗalibai ne da ma'aikata da iyalansu, wato ni da kai, da biza gwamnati ta kawo mu saboda jami'o'i da asibitoci na buƙata. Mai neman mafaka kuma galibi an hana shi aiki, abin da ake ba shi bai kai fam 50 a mako ba, in a otal mai abinci yake bai kai fam 10 ba. Sannan ka tuna yadda tarzomar ta faro. An kashe yara mata uku a Southport ranar 29 ga Yulin 2024, aka baza ƙarya a intanet cewa Musulmi ne mai neman mafaka ya yi, alhali a Cardiff aka haifi yaron. Washegari aka far wa masallacin garin. Waɗanda suka yi jifan ba su tambayi kowa takardarsa ba, haka waɗanda suka nemi cinna wa otal wuta a Rotherham da mutane a ciki. Ranar nan ni da ke da fasfon Birtaniya ban fita ba.

Ummu Hanifa:
Kuma kada mu ɗauka baƙar fata ko asalin Najeriya shi ne ke sa ɗan siyasa ya zama namu. Kemi Badenoch a Legas ta girma, ta zama shugabar jam'iyyar masu ra'ayin riƙau a Nuwamban 2024, kuma ba a daɗe ba ta ce ita Bayarabiya ce, ba abin da ya haɗa ta da mutanen arewa, tana danganta yankin da Boko Haram. Abin ya yi mini ciwo fiye da maganar kowane Bature. A ɗaya gefen, a Southport ɗin nan maƙwabta ne, yawancinsu ba Musulmi ba, suka fito da safe da tsintsiya da bulo suka share titi suka gyara katangar masallacin. Ni abin da mutum ya yi nake dubawa.

Maman Amira, makaranta kam ki je, kada ki bari ya kwana biyu. Ki rubuta wa malamar ajin saƙo a natse, ki faɗi abin da aka ce da ranar, ki nemi a gaya miki matakin da za su ɗauka. A rubuce, don ya zauna a fayil. Ita kuma Amira ki faɗa mata gaskiya daidai hankalinta: kuna zaune bisa doka, yaro a filin wasa ba shi ke yanke hukunci ba, kuma duk abin da aka sake faɗa mata ta zo ta gaya miki.

Alhaji Abban Sadiq:
To na ji, rajistar zaɓe da zuwa makaranta ban ƙi ba. Amma ina nan a kan bakana game da zanga-zanga da rubuce-rubuce a Facebook. Bayan tarzomar an ɗaure mutane saboda abin da suka wallafa. A 2025 kuma, bayan an haramta ƙungiyar Palestine Action mai goyon bayan Falasɗinawa, an kama ɗaruruwa saboda kwalin da suka ɗaga. Ɗan ƙasa zai fito ya koma gidansa. Mai biza kuwa duk abin da ya shiga tarihinsa zai tarar da shi ranar neman takardar dindindin ko ta zama ɗan ƙasa, inda ake duba halin mutum.

Maman Amira:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baba, maganarka ta shige ni, ranar Alhamis muna aikin dare tare da ita, zan gwada. Na tura wa malamar Amira saƙo yanzu. Anti Hajara, tambaya ɗaya ta rage: in na yi rajistar zaɓe, kamfani zai sani? Maigidana tsoronsa ke nan, kada a ce mun shiga siyasa.

Anti Hajara:
Ba a sanar da kamfani, tsakaninki ne da ofishin zaɓe na ƙaramar hukumarku. Rajistar iri biyu ce, akwai buɗaɗɗiya wadda kowa ke iya saya, kuma wurin cike fom za a tambaye ki ko kina so a cire sunanki daga cikinta, sai ki ce a cire. Wanda kika zaɓa kuwa sirri ne. Shi ma maigidan in ɗan Najeriya ne yana da tasa ƙuri'ar, kowa da fom ɗinsa. Kuma ko kafin zaɓe ya zo, ɗan majalisar mazaɓarku yana da ranakun ganawa da jama'a, duk mazaunin yankin yana iya neman ganinsa. Ki rubuta masa a kan batun shekara goman nan, ki sa lambar unguwarku a saman wasiƙar, don da ita ofishinsa ke tabbatar da cewa ke 'yar mazaɓarsa ce kafin su ba da amsa.