Shawarwari ga mai son sayen yaƙutu

A zaman da muka yi da wasu masu harkar duwatsu, shawararsu ta farko ita ce kada jan launi ya ruɗe ka. Yaƙutu, wanda aka ambata a Suratur Rahman tare da murjani, jinsinsa ɗaya da shuɗin safaya da ake haƙowa a Mambila. Ɗan sinadarin kuromiyam ne ke rina shi ja. Taurinsa 9 ne a ma'aunin Mohs, lu'ulu'un daiman na da 10.

Sun fi daɗewa kan jabu, kuma nan hankalina ya tashi. Tun 1902 ake ƙera yaƙutu a masana'anta. Wani kuma ana cike tsagoginsa da gilashi. Sa madubin ƙara girma, za ka hango ƙananan kumfa a ciki. Har jan dutsen nan na kambun sarautar Ingila, da aka daɗe ana ɗauka yaƙutu ne, ashe wani dutse ne daban mai suna sifinel. Don haka ka nemi takardar ɗakin gwaji kafin ka biya, ka tambaya ko an gasa shi a wuta don gyara launinsa, domin wanda bai ga wuta ba ya fi tsada nesa ba kusa ba, musamman na Mogok a Myanmar.

Batun cewa mayaƙan Myanmar na cusa shi cikin fata don tsarin ƙarfe kuwa, suka ce almara ce, kada ta shiga ciniki.